Jagoran UNESCO kan ƙirƙirarriyar basira: inda ya haska da inda ya bar duhu

A watan Satumba na 2023, ƙasa da shekara guda bayan fitowar ChatGPT, hukumar UNESCO ta wallafa jagora kan amfani da ƙirƙirarriyar basira a fagen ilimi da bincike, wanda Fengchun Miao da Wayne Holmes suka rubuta. Binciken da hukumar ta yi a wannan shekara kan makarantu da jami'o'i sama da 450 ya nuna cewa waɗanda suka tsara ƙa'ida game da wannan fasaha ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Abin yabo ga littafin shi ne bai ɗauki haramci a matsayin magani ba. Ya nemi malamai su sake fasalin aikin rubutu, kada su auna ɗalibi da abin da na'ura ta fi shi saurin yi. Wannan hikima ce, domin manhajojin gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne: kamfanin OpenAI kansa ya janye tasa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskure.

Sai dai jagoran ya ratsa wata matsala bai tsaya a kanta ba. Ɗalibin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram yakan yi tunani da Hausa ko Zabarmanci, ya rubuta kundinsa da Faransanci. Idan ya ba na'ura ta gyara masa nahawu, ba ta tsayawa a nan: takan sauya jimla, ta cusa hujja, wani lokaci ma ta ƙago sunan littafin da babu shi. A ina gyaran harshe ya ƙare, a ina aron tunani ya soma? Littafin ya ambaci bambancin harsuna, amma bai shata wannan iyaka ba.

Shata ta ya rage ga malami. Ɗalibi ya bayyana inda na'ura ta sa hannu, ya ajiye daftarinsa na farko, ya nuna shafin duk littafin da ya ambata, sa'annan ya kare aikinsa da baki. Mai riƙe da ɗalibai ɗaruruwa zai ce nauyin ya yi yawa, kuma yana da gaskiya. Jagoran bai faɗi inda za a samo lokacin ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar kare kundi tambaya ɗaya ta isa ta nuna wanda ya yi tunanin.