Fatalwa a Cikin Faifai: Killing Time da Wasannin Harbi na 3DO

A watan Oktoba na 1993 kamfanin Panasonic ya fito da wata na'ura a kasuwannin Amurka, ya yanka mata farashin dala 699. Sunanta 3DO Interactive Multiplayer. Masu ita ba sa son a kira ta abin wasan yara. Cewa suke yi akwati ne da zai zauna a falo ƙarƙashin talabijin, ya juya faifan waƙa, ya nuna hotunan iyali da aka ɗora a faifai, in an ƙara masa wani ɗan ƙarfe ya nuna fim na Video CD, sannan kuma a yi wasa da shi. Wata biyu bayan haka, ranar 10 ga Disamba, wasu samari na kamfanin id Software a jihar Texas suka saki Doom a kan kwamfuta. A tsakanin waɗannan biyun aka haifi wani ɗan ƙaramin dangin wasanni da yau sai mai tone-tone ya san da su, wato wasannin harbi na 3DO, irin waɗanda ɗan wasa ke kallon duniya ta idon jarumin, ba ya ganin komai na jikinsa sai hannu da bakin bindiga.

Wanda ya kitsa 3DO shi ne Trip Hawkins, mutumin da ya kafa Electronic Arts a 1982. Dabararsa ita ce kamfaninsa ba zai ƙera akwatin da kansa ba. Zai ba Panasonic da Goldstar da Sanyo lasisin ƙerawa, shi kuma ya riƙa karɓar dala uku a kan kowane faifan wasa. Tun da maƙeran ba su da kaso a kuɗin wasanni, dole su nemi ribarsu a jikin akwatin, daga nan tsadar ta samo asali. Wanda kuwa ya zuba dala ɗari bakwai yana son ganin abin da maƙwabcinsa mai Super Nintendo ba zai gani ba. Faifan CD na ɗaukar kimanin megabait 650 a lokacin da kaset ɗin Nintendo bai wuce 'yan megabait ba, don haka amsar da ta zo wa kowa ita ce a cika faifan da fim. Zamanin Night Trap da Mad Dog McCree ke nan: 'yan wasan kwaikwayo na gaske suna motsi a allo, kai kuma kana zaune kana jiran daƙiƙar da za ka danna maɓalli guda.

Doom kuwa akasin haka yake nema. Ba ya son ka zauna ko kaɗan. Labarinsa bai cika shafi ba, ƙarfinsa duk yana cikin gudu da juyi da harbi ba tsayawa. Duk mai shirya wasan harbi a 3DO sai ya tarar da iyayengiji biyu a kansa, ɗaya na cewa nuna fim, ɗaya na cewa yi gudu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle a baki irin na wannan na'ura. Ƙwaƙwalwarta ARM60 ce mai gudun megahaz 12.5, da ma'adanar aiki megabait biyu, da ɗaya na hoto. Injin zanenta gwani ne wajen ɗaukar shimfiɗaɗɗen hoto ya miƙe shi ko ya karkata shi, amma lissafin ƙasa da rufin ɗaki irin na Doom kan faɗa kan ƙwaƙwalwar nan mai rauni. Abin riƙon ma babu sandar juyawa, sai maɓallin kusurwa huɗu da A da B da C da biyu na kafaɗa.

Kowa ya nemi mafitarsa. Escape from Monster Manor na 1993 ya bi sawun Wolfenstein 3D, ɗakuna masu kusurwa a bene ɗaya bayan ɗaya, ana tattara gutsattsarin laya a gidan dodanni. Iron Angel of the Apocalypse, na kamfanin Synergy a Japan, ya zuba ƙoƙarinsa a fina-finan tsakanin matakai, harbin kansa kuwa tafiyar hawainiya. PO'ed na 1995 ya ba ka wani kuku na jirgin sararin samaniya da ke yaƙi da kaskon suya, ya goya maka injin tashi sama, abin da Doom bai da shi. Immercenary, shi ma na 1995, ya fi su ƙarfin hali: fili ne buɗaɗɗe a cikin duniyar kwamfuta, ka fara a matsayi na 255 kana hawa sama ta hanyar kayar da na gabanka, akwai kuma dandalin da ba a faɗa, inda ake tsayawa a yi hira da abokan gaba.

Shi kansa Doom da ya iso 3DO, abin tausayi ya zama. Kamfanin Art Data Interactive ya sayi lasisin, shugabansa Randy Scott ya yi wa mujallu alkawarin sababbin makamai da fim na 'yan wasan gaske. Rebecca Heineman, wadda ta riga ta ɗora Wolfenstein 3D a kan na'urar lafiya lau, ita aka miƙa wa aikin, aka ba ta mako goma, ta tarar ba a fara komai ba. Abin da ya fito wasa ne a cikin 'yar taga a tsakiyar allo, yana tafiya yana tuntuɓe. Fim ɗin da aka yi alkawari bai shiga ba. Kiɗan ne kawai ya fita kunya, domin da lokaci ya ƙure sai aka sa makaɗa suka buga shi da gita na gaske aka ɗora a faifan. A 2014 Heineman ta saki rubutun manhajar ga kowa, tare da bayanin yadda aka yi.

A cikin dangin nan, Killing Time, wanda Studio 3DO ya fitar a 1995, shi ne a ganina ya fahimci matsalar sosai. Kai tsohon ɗalibi ne na wani masanin tarihin Masar, Dakta Hargrove, wanda ya gano wani agogon ruwa da ake dangantawa da Thoth, abin bautar Misirawan dauri, aka ce yana ba da rai marar yankewa. Agogon ya ɓace, zargi ya faɗa kan Tess Conway, 'yar masu kuɗin da ta ɗauki nauyin binciken. A 1932, a ranar da yini ya fi tsawo a shekara, Tess ta tara ƙawaye da abokai a katafaren gidanta da ke tsibirin Matinicus, a gaɓar jihar Maine, daga ranar ba a sake jin ɗuriyar kowa ba. Ka sauka a tsibirin, ka tarar lokaci ya tsaya cak. Mafarautan agwagwa da suka zama gawa mai tafiya, da karnuka masu kai biyu, da 'yan daba masu bindigar Tommy, da kuyangi, da 'yan barkwanci masu fentin fuska, duk suna jiranka. Shekarar ma ba a banza aka zaɓe ta ba. Haramcin giya na Amurka, wanda ya fara a 1920, bai ƙare ba sai 1933, saboda haka fasa-ƙwauri da shagalin ɓoye na attajirai sun zauna daidai a labarin, kiɗan da ke tashi daga faifan ma yana kwaikwayon na wancan zamani.

Abin da ya raba shi da 'yan'uwansa shi ne inda ya ajiye fim ɗin. Sauran sukan tsayar da wasa, su ƙwace allon, su nuna maka fim, sannan su mayar maka da bindigarka. Killing Time ya ɗauki 'yan wasan kwaikwayo a kyamara, ya yanke su daga bayansu, ya dasa su a cikin ɗakin da kake tsaye. Kana cikin tafiya sai ka hango wani haske, in ka matso sai ya zama mutane biyu cikin tufafin 1932 suna gardama ko zawarci ko ƙulla makirci, su gama su ɓace. Allon bai bar hannunka ba, bindigar na nan a ƙasansa. Daga irin waɗannan guntaye kake harhaɗa abin da ya faru a daren, wa ya ci amanar wa, me Tess take nema da agogon.

A duba yadda zaɓin fatalwa ya rufe kowane aibi na fasahar. Bidiyon da 3DO ke iya zarowa daga faifai yana tsakiyar zana ɗaki ƙarami ne, dishi-dishi, gefensa a cinye. A ce mutum mai rai aka nuna haka, sai a ce aikin bai yi kyau ba. Fatalwa kuwa haka ake tsammaninta. Hoton bidiyo ba ya jin ka, ba ya amsa maka, harsashi ba ya taɓa shi, abin da aka ɗauka shi zai maimaita har abada. Waɗannan su ne ƙorafe-ƙorafen da aka yi ta yi a kan wasannin fim na wancan lokaci, kuma su ne siffofin wanda lokaci ya daskare a kansa. Marubutan sun nemo labarin da raunin na'urar ya zama ma'anarsa. Har tsarin tsibirin ya bi wannan tunani: yankunansa a haɗe suke, daga daji zuwa lambu zuwa cikin gida, ana iya komawa baya a nemo abin da aka tsallake, maimakon mataki na ɗaya da na biyu da allon maki a tsakani. Gida ne da abu ya faru a cikinsa, kai kuma mai bin diddigi.

Ba shi ya fara ba da labari ta bakin matattu ba, domin System Shock na 1994 ya riga shi da saƙonnin murya da mamata suka bari. Amma wanda ya buga BioShock na 2007, da shagalin sabuwar shekararsa da ya rikiɗe ya zama bala'i, da fatalwowin da ke sake wasan abin da ya wuce a gaban ɗan wasa, zai ga kamannin da idonsa. Kamanni nake nunawa, ban ce gado ba ne.

Sai dai ubangiji na biyu, mai cewa yi gudu, bai samu haƙƙinsa ba. Harbin Killing Time bai kama ƙafar na Doom ba. In maƙiya suka yi yawa hoton kan yi nauyi, saiti da maɓallin kusurwa huɗu kan zama kokawa, maƙiyan kuma dabararsu ɗaya ce, su taho kanka kai tsaye. Wurare da yawa lunguna ne masu kama da juna, inda mutum zai yi ta zagaye yana neman makulli har labarin ya huce a ransa. Wasan kwaikwayon ma wani wuri ya yi armashi, wani wuri ya yi yawa. Akwai kuma Masar ɗin da ke cikinsa, wadda mai karatu da ya san Alƙahira da Azhar ba zai gane ta ba. Rumbun tsafi ce kawai da la'anar fir'aunoni, irin wadda Turai da Amurka suka ƙaga wa kansu tun da Howard Carter ya buɗe kabarin Tutankhamun a 1922, Hollywood kuma ta ɗora da fim ɗin The Mummy a 1932. Wasan ya soki kwaɗayin attajiran da suka sace kayan, wannan gaskiya ne, amma bai taɓa tambayar na wa ne kayan ba.

Ko da ya fi haka kyau, lokacinsa ya riga ya ƙure. A watan Satumba na 1995 Sony ta kawo PlayStation Amurka a kan dala 299, ita da ke iya sayar da akwati da asara ta fanshe a faifai. Mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe. Zuwa 1996 an daina ƙera 3DO, bayan sayar da abin da bai fi kimanin miliyan biyu ba. Magajiyarta M2, wadda aka sayar wa Matsushita, mai sunan Panasonic, a kan dala miliyan 100, ba ta taɓa fitowa a matsayin na'urar wasan gida ba, kamfanin 3DO kuma ya karye a 2003. Killing Time ya ƙaura zuwa kwamfuta a 1996, aka sake zana taswirorinsa, aka canza kamannin maƙiyan, amma a shekarar da Quake da Duke Nukem 3D suka fito, wa zai waiwaye shi?

Faifan farko na 3DO ja ne, yana kuma da wata matsala da ke dagula hoto a yankin 'yan barkwanci. Kamfanin ya ce duk wanda ya aiko da nasa za a musanya masa da gyararre, mai launin baƙi. Kaɗan ne suka aika, shi ya sa yau masu tara tsofaffin wasanni ke farautar baƙin, jan mai aibi kuwa yana samuwa ba wuya. A watan Oktoba na 2024 Nightdive Studios da Ziggurat Interactive suka fitar da Killing Time: Resurrected a kan na'urorin zamani, 'yan watanni bayan Nightdive ta farfaɗo da PO'ed. Sun ɗauki taswirorin kwamfuta, suka bar wa ɗan wasa zaɓi tsakanin maƙiyan 3DO, waɗanda mutane ne cikin kayan wasa aka ɗauka a kyamara, da na kwamfuta. Nauyin hoto ya tafi, saiti ya yi sauƙi da linzami ko sandar juyawa, harbin da ya kasa a 1995 yanzu yana tafiya sumul. Da gudun ya samu kuma sai maimaicin wuraren da wautar maƙiyan suka ƙara fitowa fili, domin a da rabin hankalin mutum yana kan kokawa da abin riƙo.