Fatima da Binta: Sunan da Ya Zama Ɗan Gida

Fatima na cikin sunayen mata da suka fi yawa a ƙasar Hausa, har da wuya a shiga ajin Islamiyya a Kano ko Damagaram ba a tarar da masu amsa shi fiye da ɗaya ba. Asalinsa Larabci ne, daga tushen kalmar da ke nufin yaye, wato raba yaro da nono, kuma Ƙuraishawa sun san shi tun kafin Musulunci, domin kakar Manzon Allah (SAW) ta wajen uba Fatima ce 'yar Amru, mahaifiyar Sayyidina Aliyu kuma Fatima ce 'yar Asad. Sai dai darajar Nana Fatima ce ta kai sunan ko'ina, ita da take 'yar Annabi da Nana Khadija, matar Aliyu, mahaifiyar Hasan da Husaini, wadda ta rasu a Madina a shekarar 632, kimanin wata shida bayan wafatin mahaifinta.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda Hausawa suka karɓi sunan suka sarrafa shi da harshensu har ya zama nasu. Harafin da ke tsakiyarsa, wanda almajirai ke kira ɗa-mai-hannu, bakin Bahaushe yakan fitar da shi a matsayin "ɗ" ko "ts", shi ya sa aka sami Faɗimatu a bakin malamai, Fatsima da Fatsuma a bakin jama'a, sannan Fati a taƙaice. Binta kuwa ta fito ne daga kalmar Larabci mai ma'anar 'ya, wadda ake haɗawa da sunan Nana Fatima idan ana danganta ta ga mahaifinta, sai ta ɓalle ta tsaya da ƙafarta, ta yadda duk wanda ya ji an ce Binta ya san Fatima aka raɗa. Haka Zahra'u, mai haske, da Batula, wadda ta keɓe kanta ga ibada, laƙubban Nana Fatima ne da suka bi sunan zuwa gidajen Hausawa. Maƙwabta ma sun yi irin wannan aiki, kamar yadda Barebari suka mayar da shi Falmata.

Wannan yawan siffofi yana da amfani a tsarin gida. A safiyar kwana na bakwai da haihuwa, maza na zaune a ƙofar gida ana raba goro da dabino, uba zai matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan a kunne, a yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, sannan a kayar da rago. Wannan shi ne sunan yanka. Amma idan jaririyar takwarar kakarta ce, alkunya, wato kawaicin da ke hana ambaton sunan na gaba, ba ta barin uwa ta buɗe baki ta kira sunan surukarta, sai a koma ga laƙabi kamar Binta ko Ummi, ko kuma sunan rana. Mai shari'a Fati Lami Abubakar, wadda ta zama babbar alƙaliyar Jihar Neja a 2013, misali ce ta yadda sunan Musulunci da sunan ranar Alhamis ke zama tare ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Yayin da ake ciki a birane yanzu ya juya wa wannan tsari baya. Fatima ba ta ragu ba, amma siffofinta na Hausa sun fara zama abin kunya, har yarinyar da aka tashe ta da Binta takan mayar da kanta Zahra ko Teemah a shafukan sada zumunta, wasu iyaye kuma suna ganin Fatsima sunan ƙauye ne. Tare da haka ana tsintar sababbin sunaye daga finafinai da jerin sunaye na intanet saboda daɗin sautinsu kawai, wani lokaci ba tare da an tambayi malami ma'anarsu ba. Babu mai musun cewa zaɓa wa ɗa kyakkyawan suna haƙƙi ne da ke wuyan uba, kuma Zahra'u suna ne mai asali da ba shi da aibi. Abin takaicin shi ne raina siffar da kakanni suka ƙera, alhali ita ce shaidar cewa Musulunci ya daɗe a ƙasar nan har ya ratsa harshe, kuma ita ce igiyar da ke ɗaure jika da kakar da aka yi wa takwara.

Ya kamata iyaye su faɗa wa 'ya'yansu wace ce aka yi wa takwara da dalilin laƙabin da ake kiransu da shi, malamai kuma su bayyana a wuraren suna cewa Binta da Fatsima ba gurɓataccen Larabci ba ne, Hausa ce ingantacciya. Marubutan littattafai da masu shirya finafinan Kannywood su ma su daina ware waɗannan sunaye ga 'yan aiki da tsofaffin ƙauye, su riƙa ba jarumarsu mai ilimi sunan Binta.