Jinjina ga Gwanayen Tukunyar Terlingua

Duk Asabar ta farko a watan Nuwamba, ƙauyen Terlingua da ke hamadar Texas a Amurka kan cika maƙil da masu gasar dafa chili, wato jar miyar nama da barkono wadda jihar ta ayyana a matsayin abincinta a 1977. Gasar ta faro ne a 1967, inda Wick Fowler da H. Allen Smith suka kara, aka tashi canjaras.

Waɗannan gwanaye sun cancanci yabo, domin ƙa'ida ta ɗaure su tamau: babu wake, babu shinkafa, babu taliya, nama ne da romonsa kawai. Alƙalai na duban ƙamshi, kauri, jan launi, ɗanɗano, da abin da ya saura a harshe bayan an haɗiye. Shi ya sa gwani ba ya zuba kayan yaji gaba ɗaya. Kashi-kashi yake yi: na farko ya ratsa nama, na ƙarshe ya shiga dab da saukewa don kada ƙamshi ya gudu. Yana tsaye awanni kan wuta kaɗan-kaɗan, yana ɗanɗanawa yana gyarawa.

Sannunku da aiki, gwanaye. Haƙuri da natsuwarku ne ke cin wannan gasa.