Zambo: Ƙanin Yabo a Cikin Birnin Kano

A cikin ganuwar Kano ba a rasa sunan magana mai cizo. Akwai habaici, akwai gatse, akwai shaguɓe da gugar zana. Amma wadda maroƙa da marubuta waƙa suka mayar sana'a ita ce zambo.

Na fi karkata ga cewa kalmar daga Larabci ta shigo, daga "zammu", wato kushe, kishiyar madahu. Dalilina shi ne harafin zalun da ke farkonta yakan koma z a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru da zikiri da zunubi. Birnin da malamai da fatake suka cika tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, bai rasa ƙofar da irin wannan kalma za ta bi ba. Ita al'adar kuwa ta fada ce, ta girma ne a gindin sarauta.

A nan ma'anar zambo take. Makaɗin fada ba ya gama wasa ubangidansa sai ya waiwayi mai ja da shi, galibi ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba. Ba zai kama suna ba. Zai ɗauki tsawon wuya, ko tumbi, ko rowa, ko yadda mutum ke naɗa rawani, ya siffanta shi da wata dabba, har duk wanda ke zaune a Ƙofar Kudu ta gidan sarki ya gane wa ake nufi, amma babu mai iya kai ƙara. Bambancinsa da habaici ke nan: habaici jifa ne cikin taro, wanda ya tsargu da shi ake, shi kuwa zambo hoton mutum ɗaya yake zanawa. Tsoronsa ma ya sa mai rowa ke sa hannu a aljihu idan 'yan gambara suka tare shi.

Talaka ma yana da rabonsa. Idan azumi ya kai goma, tashe ya fito, Nalako, sarkin gwagware, yakan bi su lungu-lungu, yara kuma su kwaikwayi malami mai kwaɗayi da tsoho mai budurwar zuciya, unguwa ta yi dariya, wanda abin ya shafa ya haɗiye.

Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, zambo ya hau takarda sosai. Mawaƙan jam'iyyu suka yi ta yi wa juna zambo da ajami da boko, a birnin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu. Waƙar Aƙilu ta "'Yar Gagara" ta nuna yadda alƙalami ke kushe hali da gwaninta, har mai sauraro ya manta da zafin saboda daɗin kalmomin.

Abin da ke damuna shi ne yawancin waƙoƙin siyasar da ke tashi a wayoyinmu yau. A kama sunan mutum, a ambaci iyayensa, a yi masa ƙazafi, sannan a kira abin zambo. Wannan zagi ne, kuma zagi ba ya buƙatar fasaha. Ina roƙon malaman Hausa na Jami'ar Bayero da na makarantun sakandare su zauna da tsofaffin maroƙan cikin birni, su naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye, domin ɗalibai su ji yadda ake yin na ainihi.