Gwanintar Tabbatar da Amsar da Ba a Gani Ba

Cikin masana lissafi akwai masu wata ƙwarewa mai ban sha'awa: su kafa hujja cewa matsala tana da amsa, alhali ba mai iya rubuta amsar a takarda. Aikin ya fi tsauri a ikweshon ɗin da ke auna sauyi da gutsuren mataki, kamar rabi ko sulusi, batun da masanin lissafi Leibniz ya taɓo tun 1695 a wasiƙarsa ga L'Hôpital.

Wahalar iri biyu ce. Ikweshon na yau da kullum, irin na yaɗuwar zafi a ƙarfe, maƙwabtan ɗigo kawai yake dubawa. Mai gutsuren mataki kuwa, abin da ke faruwa a ɗigo guda ya rataya a kan filin gaba ɗaya, har can nesa. Sannan idan ikweshon ba miƙaƙƙe ba ne, haɗa amsoshi biyu ba ya haifar da ta uku, saboda haka ba a harhaɗa amsa guntu-guntu.

A 2007 Luis Caffarelli da tsohon ɗalibinsa Luis Silvestre, 'yan asalin Ajantina, suka fito da dabara mai kyau. Maimakon su rage matsalar, sai suka faɗaɗa ta. Idan tana kan layi ne, sai a mai da layin ya zama gaɓar wani faffaɗan fili, kamar bakin tafki, inda ruwan da ke tsakani shi ke haɗa wurare biyu masu nisa. A cikin sabon filin ikweshon ya koma duban maƙwabta kawai, tsofaffin dabaru suka sake yin aiki. Da wannan hanya masana lissafi Cabré da Tan suka tabbatar da samuwar amsoshi a 2010.

Servadei da Valdinoci kuwa, a 2012, ƙa'idar mashigin dutse ta Ambrosetti da Rabinowitz ta 1973 suka ɗauko. Akan ba kowace amsar gwaji maki. Idan makin ya yi kwari, tudu ya kewaye shi, bayan tudun kuma akwai gangare, sai a nemi hanyar tsallakawa mafi ƙarancin hawa. Ƙololuwarta ita ce amsar. Inda gwani ke zufa shi ne nuna cewa jerin gwaje-gwajen ya tsaya a wani wuri, bai sulale ya ɓace ba.

Caffarelli ya karɓi Kyautar Abel ta lissafi a 2023. Amfanin irin wannan aiki a fili yake: kwamfuta za ta fitar da lambobi ko da amsa babu, hujja ce kaɗai ke cewa a yarda da su.