Allon gona ta gefe yake fara ruɓewa

Makon jiya na raka kawuna gonarsa ta tumatir a wajen Kadawa, sai na tarar da allon da ƙungiyarsu ta manoma ta kafa bara a bakin kanal ya zama abin tausayi. Ƙasansa ya kumbura, ya rabu falle-falle kamar littafin da ruwa ya daka. Na danna babban yatsana a gefen, sai ya nutse kamar gurasar da ta sha romo. Amma tumatirin da mai zane ya zana a tsakiya yana nan ja-wur da kyansa, har da ɗigon farin fenti mai nuna sheƙi. Na ce, "Kawu, wa ya yi muku wannan aikin?" Ya ce, "Ai ɗan nan, ba laifin kowa ba ne, ruwan Agusta ne." Na zaga ta baya na duba. Ko ɗigon fenti babu. Gefuna huɗun ma haka, tsirara.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ku da kuke bin hanyar Kura zuwa Bunkure kun san ba allon su kawu kaɗai ba ne. 'Yan shekarun nan kowa na son allo a gonarsa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, masu sayar da iri, masu renon dashen tumatir da albasa, gonakin gwaji, har da matasan da suka fara lambun gwanda da kankana. Ni wannan ya yi mini daɗi matuƙa, domin ya buɗe wa masu rubutun allo kasuwa, kuma a cikinsu akwai masu hannu na gaske. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yayin da ya shigo tare da shi: a fente fuska, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a bar gefe da baya ga Allah.

Jama'a, filawud ɗin da ake yin allunan nan da shi ba katako ɗaya ba ne. Siraran yanka ne aka jera aka manne da gam, wannan a tsaye, wancan a kwance. Duk inda zarto ya bi, bakin jijiyoyin icen a buɗe yake, yana zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir. Idan ruwan ya shiga ta gefe, fentin fuskar da aka yi taƙama da shi ne ma ke hana shi fita da wuri. Sai gam ya saki, sai falle ya ɗaga. Sannan allon da aka rufe masa fuska aka bar masa baya, ɓangare ɗaya na shan laima ɗaya ba ya sha, dole ya lanƙwashe. Shi kuwa MDF, wanda na fara ganin wasu na kafawa saboda santsinsa, garin katako ne da gam aka matse. An yi shi ne don kabad a cikin ɗaki. Wanda ya kai shi bakin gonar shinkafa ya zubar da kuɗinsa tun kafin fentin ya bushe.

Kuma a ce a nan yankin ake wannan ganganci! Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka soma kwararo ruwa zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ba ta san rani irin na sauran wurare ba. Allon da ke cikin gari yana hutawa bayan damina, na bakin kanal ba shi da hutu. Da asuba raɓa, da rana zafin Maris da Afrilu, ranar ban-ruwa kuma ƙafafunsa cikin taɓo. Hunturu ya zo ya busar da shi har ya tsattsage, damina ta tarar da ƙofa a buɗe. Gara kuma tana ƙasa tana jiran rabonta.

Gyaran kuwa ba wani abu ba ne mai wuya, shi ya sa abin ke ƙara ba ni haushi. Duk mai zuwa daga Kano ta hanyar Zariya yana wuce kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa. A tsaya a ce marin ake so, wato filawud ɗin da gam ɗinsa ke jure ruwa, a kuma duba gefensa kada a ga ramuka tsakanin fallayen. In kuma tsagaggen katako za a haɗa, a nemi busasshe. Ɗanyen katako nauyi gare shi, kuma za ka ji sanyinsa a tafin hannu. Obeche na da sauƙin aiki, yana karɓar fenti, amma ƙwari na sonsa. Maɗaci da iroko sun fi shi juriya nesa ba kusa ba.

Daga nan sai samfefa. A goge fuska, a kashe kaifin gefuna, don fenti ba ya zama da kauri a kan kaifi. A cike ramuka da foti. Sai andakot, fuska da baya da gefuna huɗu, gefunan kuma a maimaita musu, musamman na ƙasa inda ruwa ke taruwa kafin ya ɗiga. Sai fentin mai, shafi biyu, kowane a bar shi ya kwana. Ba fentin ruwa na bangon ɗaki ba. Kuma don Allah malam mai fenti, a rage yawan tina da fetur, gwangwani ɗaya ba zai zama biyu ba, ruwan shayi kawai kake shafa wa mutane. A ƙarshe a lanƙwasa ɗan guntun kwano a ɗora a saman allon kamar malafa, a ɗaga shi sosai daga ƙasa. Ƙafafun, in ba bututun ƙarfe ba ne, a shafa musu maganin gara na Solignum su kaɗai, domin idan ya taɓa fuskar zai huda fentin ya fito. Baƙin man inji kuwa kada a shafa musu shi, a bar shi nesa da kanal, ruwan nan shi ke zuwa kan alayyafon da muke ci.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, fenti ya yi tsada, manomin da ke fama da kuɗin taki ba zai so jin maganar shafi uku ba. Amma allon su kawu sai an sake biyan kafinta da mai zane bana, kenan sau biyu. Ga masu cewa a buga allon a fileks a huta, na yarda yana da sauri, rubutunsa kuma ba ya karkacewa. To a je a duba allunan fileks ɗin bayan iskar farkon damina, a ga inda suke ƙarewa: a yage, a kodde, wasu ma a bakin kwalbati suna tare ruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu ne fa mutanen allo. Akwai gidajen da allon karatun kaka yake nan har jika ya gada, an wanke shi sau ba adadi bai rabu ba, saboda masassaƙi ya zaɓi ice mai kyau ya bar shi ya bushe. Kura kuma garin rini ce. Rawanin ɗan Kura bai yi suna da tsomi ɗaya ba, marina sun san sai an tsoma an shanya an sake tsomawa kafin shuni ya kama. A garin da aka gaji wannan haƙurin ne yau ake shafa fenti sau ɗaya, a fuska kawai, a ce an gama?

Masu zanenmu, hannunku na da kyau, ni shaida ne, wancan tumatirin har yanzu yana idona. Amma aikin awa biyar da kuka zuba a kan katakon da ba a rufe ba, sunanku ne ke ruɓewa tare da shi a bakin hanya. In an kawo muku allo, kafin ku ɗauki buroshin rubutu ku juya shi ku duba baya da gefe. In tsirara yake, ku gaya wa mai shi gaskiya, ku ƙi rubutawa sai an rufe.