«Zahi» a ɗakin likita: tsokaci kan littafin Jaffré da Olivier de Sardan

Littafin La construction sociale des maladies (1999) ya nuna cewa sunayen cututtuka da jama'a ke amfani da su, kamar «zahi» a Hausa da «weyno» a Zabarmanci, ba su da takwara guda a ilimin likitanci. Mun yarda da wannan matsayi. Ƙorafinmu shi ne nazarin ya fi karkata ga suna, alhali majinyaci da jimla yake magana.

Mu ɗauki manomi a Birnin Lalle, yankin Dakwaro. In ya ce «zahi ya kama ni», cutar ce aikau, shi kuwa karɓau. In ya ce «zahi gare ni», yana nufin abin ya zauna a jikinsa tun tuni. Bambancin ciwon jiya da ciwon shekaru yana cikin ginin jimlar. Ɗalibin likita da aka horar da Faransanci a Yamai ko Maraɗi zai iya rubuta «hémorroïdes» a duka biyun, ya sallami mutum da magani ɗaya.

A ganinmu, darasin al'ada da ɗa'a a tsangayar kiwon lafiya yana bukatar malamin nahawu, kafin a tura ɗaliban karkara.